Tambaya da Amsa: Zan ɗauki adashe, me zan fara saya don sana'ar kunun aya?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma ina yin kunun aya a gida. Duk wanda ya sha sai ya ce me ya hana ni sayarwa. Watan gobe zan ɗauki adashen naira dubu 600. Ina so in sayi firiza da injin markaɗe, in kama ɗan shago a bakin titi, in buga sitika mai sunana. Maigida ya amince. Wanne zan fara saya? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sanya albarka a adashen. Kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Ware naira dubu 30 kawai, sauran ki ajiye inda hannunki ba zai kai ba da sauƙi, har tsawon wata guda.

Dalilina shi ne waɗanda suka yaba kununki kyauta suka sha. Surukarki da ƙawayenki da baƙin maigida ba ƙarya suka yi ba, amma yabonsu daɗin kunun kawai ya tabbatar. Bai gaya miki ko wanda bai san ki ba zai zaro naira 500 ya saya, sannan ya dawo jibi ba. Wannan dawowar ce ciniki, kuma ita za ki je nema da dubu talatin ɗin nan.

Kin ce shago, kamar shi kaɗai ne hanya. Ai daga tukunya ɗaya sana'a uku za ta iya fita, kuma kowacce da inda take cin kuɗi. A shago ke za ki biya haya ki zauna jiran mai wucewa, ga shi kina makaranta har azahar, sai kin ɗauki yarinya. In kuma kika riƙa kai wa masu shaguna da gidajen abinci, babu haya, amma za su cire nasu, yawanci sai sun sayar za su biya ki, kuma duk gorar da ta yi tsami a firjinsu ke za a mayar wa. Ta uku ita ce yin sa bisa oda: biki, suna, walimar sauka, taron ofis, a ba ki rabin kuɗi kafin ki jiƙa aya. Ni a wurina wannan ta ukun ta fi dacewa da ma'aikaciya irinki, domin babu kwantai. Amma ra'ayina ne kawai, ki gwada dukkan ukun a ƙanƙance. Maimakon shago, kular sanyaya abin sha mai ƙanƙara a ƙofar wata maƙwabciya mai sayar da abinci ta isa. Markaɗe kuwa ki kai injin unguwa.

Maganar kwantai ita ce zuciyar wannan sana'a. Mai atamfa in bai sayar yau ba zai sayar wata mai zuwa. Kunun aya in sanyi ya yanke masa, kafin gari ya waye ya juya. Mu yi lissafi na misali. A ce kowace gora ta ci miki naira 350, kin haɗa aya da dabino da kwakwa da kuɗin gora da markaɗe da ƙanƙara da kuɗin Keke, kina sayarwa 500. Kin yi gora 40, a zuci kin ci ribar dubu 6. Sai goma suka lalace. Kin kashe dubu 14, kin karɓi dubu 15, ribarki dubu ɗaya, kuma ba mu sa ladan tsayuwarki kina tata tun asuba ba. Mata da yawa ba sa lissafa wahalarsu, shi ya sa za ki ga ciniki na tafiya amma uwar kuɗi na narkewa.

Don haka ki sayi littafin rubutu. Kullum ki rubuta nawa kika yi, nawa aka saya, nawa suka lalace, wa ya dawo, wa ya ci bashi. Abokan aikinki malamai za su saya sosai, amma da “sai an yi albashi”. Kada ki ƙirga wannan a ciniki sai kuɗin ya shigo hannu. Kuma tun kafin ki fara ki yanke wa kanki sharaɗi a rubuce, misali sai kin samu mutum goma da ba danginki ba sun saya sau uku, sannan ki taɓa kuɗin firiza. In ba a rubuta ba, zuciya za ta ce miki an kusa.

Wannan dabara ba ta ƙananan 'yan kasuwa ba ce kaɗai. A 1999 wani Ba'amurke, Nick Swinmurn, ya so sanin ko mutane za su sayi takalmi ta intanet. Bai cika sito da kaya ba. Shagunan takalma ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a shafinsa, in an yi oda ya koma ya saya ya aika. Kamfanin da ya kafa, Zappos, shi ne Amazon, babban kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya saya a 2009.

Ki kuma kula da lokaci. Cinikin watan azumi da na zafin Maris zuwa Mayu yana ruɗi, domin abin da kika sayar a lokacin ba shi za ki sayar da hunturun Disamba da Janairu ba, haya kuwa ba ta san sanyi ba. Firiza ma sai da wuta. In layinku ba ya samun wuta sosai, ki haɗa kuɗin mai a lissafi, kin dai san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023.

Sitika ta jira. In kin kai matsayin shiga manyan kantuna za su nemi lambar NAFDAC, kuma rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake yi. Abu ɗaya da ba zan yarda ki yi wa tsimi ba ko a gwaji shi ne gora: ki sayi sabuwa, ban da tsintattun robobin da ake wankewa.

Tambaya: Hajiya, ina da dabarar wata sana'a amma ina tsoron in na fara gwadawa wani mai jari ya kwaikwaya. Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Ɗana, in abin ya karɓu za a kwaikwaya, ko ka ɓoye ko ka bayyana. Mai jarin zai iya ganin abin da kake sayarwa, amma bai san wa ke saya, da farashin da suka ƙi, da inda kake saro kaya da sauƙi ba. Waɗannan ka riƙe a cikinka, sauran ka fita da shi kasuwa a wannan makon.