Tambaya da Amsa: Wane Kwas Ne Ke Koyar da Asalin Sararin Samaniya?

TAMBAYA: Malam, ina aji shida na sakandare a Gusau. Burina in karanta yadda sararin samaniya ya faro da yadda yake faɗaɗa. Wane kwas zan cike a JAMB? Da na faɗa wa Baba, sai ya ce ko duba nake son koya.

AMSA: Ɗana, ka gaishe min da Baba, ka ce masa babu bugun ƙasa a ciki. Sunan fannin kosmoloji, kuma ba a fara shi daga digiri na farko. Fiziks za ka cike, da Turanci, lissafi da kemistiri. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin taurari, amma fiziks na kowace jami'a zai kai ka, muddin ka riƙe lissafi da kyau.

A nan ne ɗalibaina suke karaya. Suna zuwa da tunanin za su kwana suna leƙen taurari, sai su tarar da allo cike da lissafi da kwamfuta mai jiran Python, wato harshen rubuta mata umarni. Ni kaina sai da na ci kwakwa kafin na gane ka'idar Einstein ta 1915 kan alaƙar nauyi da sarari da lokaci.

Amma akwai daɗi. A 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari, gwargwadon nisansu gwargwadon saurin gudunsu daga gare mu. Ka ɗauki kwaɓin fanke da aka barbaɗa wa riɗi: yana kumbura, ƙwayoyin suna nesanta da juna, alhali babu wadda ta yi tafiya. Haka sararin samaniya yake faɗaɗa. Da irin wannan awo aka ƙiyasta shekarun sararin samaniya, kusan biliyan 13.8. A 1965 kuma masana kimiyya biyu, Penzias da Wilson, suka ba da rahoton wata ƙara da ta dami eriyarsu a Amurka. Har kashin tattabaru suka kankare, ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon sararin samaniya ne.

Abin da muke iya gani da taɓawa bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba. Sauran har gobe ana ta muhawara, wato aiki bai ƙare ba.

Bayan digiri, ka nemi cibiyar ilimin lissafi ta Afirka (AIMS), wadda masanin kosmoloji Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003. Tana da rassa a Ghana, Kamaru, Senegal da Ruwanda. Kafin nan, rubuto min sakamakonka na lissafi a zangon da ya wuce.