Amsa: Masu shiga shafin shagona ba sa daɗewa

Malam, ka ce ka kashe kuɗi an ƙawata shafin intanet na shagon atamfarka na kasuwar Wunti, amma jama'a na shiga su fice ba ciniki. Kyan shafi yana da tasiri: binciken Jami'ar Carleton ta Kanada na 2006 ya nuna ido kan yanke hukunci kan kyan shafi cikin milisakan 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. Sai dai mafi yawan abokan cinikinka a Bauchi da waya suke shigowa, suna tattalin data.

Fara da hotuna, don su ne ke nauyaya shafi. Hoton waya yakan kai megabait 3 ko 4. A rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a fuskar waya), a mai da shi WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, ya dawo ƙasa da kilobait 200. A cire bidiyon da ke kunna kansa.

Rubutu kada ya gaza fiksel 16, maɓallin WhatsApp kuma 48, inda babban yatsa zai kai. A sa farashi ƙarƙashin kowane turmi. Ɓoye shi na sa mai saye zargi. A duba ƙ, ɗ da ɓ ma, wasu salon rubutu akwatuna suke nunawa a gurbinsu, salon rubutu mai suna Noto Sans kuwa yana fitar da su daidai.

Daga nan ka gwada shafin a PageSpeed Insights, manhajar Google mai auna saurin buɗewar shafi, sannan a ƙaramar wayar Itel.