Malam, ciniki ba shi ne riba ba?

Tambaya: Salam Malam, ɗaliba ce ni daga Zariya, malaminmu na lissafin kuɗi ya ce abin da shago ya haɗa ba riba ba ne, ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, gaskiya ya faɗa, kuma wallahi nan ne 'yan kasuwa da yawa ke cinye jarinsu ba su sani ba. A ce kin saro buhun shinkafa dubu 80 kin auna mudu-mudu kin haɗa dubu 95, to 95 ɗin ciniki ne kawai, ki ware uwar kuɗi saura 15, a ciki ki cire kuɗin mota da leda da hayar shago har da bashin da aka ƙi biya. Ragowar ita ce ribarki.