Yadda Japan ta nutsar da Prince of Wales da Repulse a yini ɗaya

Tambaya: Malam, kakana ya yi yaƙin Bama, kuma kullum yakan ce Ingila ce sarauniyar teku a zamaninsu. To yaya aka yi Japanawa suka nutsar mata da manyan jiragen ruwan yaƙi biyu cikin 'yan awoyi a 1941?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da ya ci jiragen nan daga sama ya zo, babu jirgin ruwan Japan ko ɗaya da ya yi musayar wuta da su.

Prince of Wales da Repulse sun iso Singafo ranar 2 ga Disamba 1941. Churchill ne ya matsa a tura su, da tunanin ganinsu kaɗai zai sa Japan ta shiga taitayinta. Ana sa ran Indomitable, mai dakon jiragen sama, zai biyo su, amma ya kafe a gaɓar Jamaika a watan Nuwamba, aka kai shi gyara. Da Japanawa suka sauka a Malaya ranar 8 ga Disamba, Admiral Tom Phillips, kwamandan jiragen biyu, ya fita da su neman jiragen da ke sauke musu sojoji, alhali an sanar da shi kada ya dogara da rakiyar jiragen sama.

Da hantsin ranar 10 ga wata, a kusa da Kuantan da ke gaɓar gabashin Malaya, jiragen saman Japan fiye da 80 da suka taso daga yankin Saigon a Vietnam ta yau suka riske su. Nakiyar ruwa ta daki Prince of Wales daidai inda sandar farfela ɗaya ke fita daga jikinsa. Sandar ta lanƙwashe tana ci gaba da juyawa, ta yage hanyar da ta bi, ruwa ya kwararo cikin ɗakunan inji, wuta ta ɗauke wa bindigogin harbo jirage da dama, sitiyari ya daina amsawa. Daga wannan bugu ɗaya sabon jirgi ya zama gurgu. Repulse kuwa, tsoho ne tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma Kyaftin William Tennant ya yi ta kauce wa nakiyoyi har sai da aka far masa ta hagu da dama lokaci guda. Mutum kusan 840 suka mutu, har da Phillips.

A ganina babban kuskuren Phillips shi ne ƙin buɗe rediyo. Ya ji tsoron a gane inda yake, bai nemi ɗauki ba ko bayan an riga an gan shi. Tennant ne ya aika saƙo daga baya, jiragen saman da suka taso daga Singafo suka iso Prince of Wales na nutsewa. Ban ce da sun ceci jiragen ba, domin ba su da yawa, amma da matuƙan Japan ba su kai hari hankali kwance ba.

Akwai kuma raini, wanda ya fi ba ni takaici. Ingila ce ta reni rundunar ruwan Japan: sun ƙulla ƙawance a 1902, kamfanin Vickers ya ƙera wa Japan jirgin ruwan yaƙi mai suna Kongo, kuma a 1921 tawagar Sempill ta je ta koya wa Japanawa yaƙin sama daga teku. Duk da haka manyan hafsoshi da yawa ba su yarda ɗalibin ya kai malaminsa ba.

Bayan nan abin ya yi ta taɓarɓarewa. Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942. A Afrilu jiragen saman Admiral Nagumo na Japan suka nutsar da jiragen ruwan Ingila Cornwall da Dorsetshire da Hermes a kewayen Silon (Sri Lanka ta yau), har Admiral Somerville na Ingila ya janye tsofaffin jiragensa zuwa Mombasa a Kenya. Bama ma ta faɗa hannun Japan a wannan shekara, kuma ƙwato ta ne ya sa aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma a 1943 da 1944, su kaka ke nan. Sai a Mayun 1945 ƙananan jiragen ruwan Ingila biyar suka tare jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Haguro da dare a mashigin Malaka suka nutsar da shi.