Tambaya da Amsa: Wa ke da alhakin makarantar ƙauyenmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Iska ta yaye kwanon ajujuwa biyu a firamaren ƙauyenmu tun daminar bara, har yau yara a gindin darbejiya suke ɗaukar darasi. Malamai shida ne a takarda, amma da wuya ka tarar da uku rana ɗaya. Ga shi kowane zango sai an karɓi kuɗin jarrabawa da na alli, alhali a rediyo ana ta cewa karatu kyauta ne. Na yi wa hedimasta magana, ya ce abin daga sama ne. Shin Abuja za mu kai kuka ko gidan gwamnati?
Daga wani uba a karkara

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɓata kuɗin motarka zuwa Abuja, domin makarantarku ba tata ba ce. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi duk ke da ikon yi wa doka, ya kuma ba ƙananan hukumomi hannu a harkar firamare. A aikace, gwamnatin tarayya ma'auni take gindayawa. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar da ɗanka ke karantawa, TRCN ke yi wa malamai rajista, kuma ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe alli da ita ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi. Amma ɗaukar malami, tura shi ƙauyenku da ladabtar da shi in ya yi fashi, duk a jiha da ƙaramar hukuma ake yin su.

Mu fara da kwanon. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara 9 na farko, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Ta kafa hukumar UBEC, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai akwai sharaɗi: kafin jiha ta ɗauki kasonta na gine-gine, sai ta ajiye nata daidai da shi, ta kuma gabatar da jerin ayyukan da za ta yi. Jihohi da dama kan bar kuɗinsu ya yi shekaru a ajiye don sun kasa ko sun ƙi sa nasu. Wadda ke rubuta wannan jeri ita ce SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku, ita kuma daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma take samun sunayen makarantu. In sunan makarantarku bai shiga ba, ko an saki kuɗin, kafinta ba zai zo ƙauyenku ba.

Batun fashin malamai kuwa, nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin na yi aikin duba makarantu kafin in yi ritaya. Kowace ƙaramar hukuma na da masu duba makarantu, jiha na da sashen tabbatar da inganci, tarayya ma na da nata. Ba ƙarancin hukumomi ke damunmu ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da na saba gani shi ne, kwana ɗaya kafin mu je labari ya riga mu isa. Za ka tarar an share fili tas, malamai duk sun hallara, har da wanda ke da shago a kasuwar gari. Ni dai ba na tsayawa gaisuwa, littafin sa hannu nake fara buɗewa. Sau da yawa za ka ga sunaye uku da rubutu iri ɗaya da biro ɗaya, duk an sa ƙarfe 7:30. Daga nan sai in karɓi littafin yaron da ke bencin baya in duba ranar da aka yi masa maki na ƙarshe. Wannan ba ya ƙarya. To amma ka rubuta rahoto ka miƙa, ya kwanta a fayil, malamin kuma ɗan uwan wani babba ne. Wani lokacin ma man babur ɗin zuwa ƙauyen daga aljihunka zai fito.

Ka tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin gwajin, ƙungiyar malamai har ta tafi yajin aiki. Ni tambayar da ta tsaya mini daban ce: duk shekarun da waɗannan mutane suka yi a aji, wa ke sa hannu a rahoton cewa aikinsu na tafiya daidai?

Kuɗin da ake karɓa, dokar 2004 ta hana, har ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. Amma ka yi wa hedimasta adalci: da yawansu ba a ba su ko sisin tafiyar da makaranta, da wannan kuɗin suke sayen alli. Ka nemi a nuna maka inda taron iyaye da malamai ya amince da shi, kuma a ba ka rasit.

Shawarata, kada ka je kai kaɗai. Kowace firamaren gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa mai unguwa ko dagaci, liman, wakilan mata da tsofaffin ɗalibai. In naku ya mutu, ku tashe shi. Ku rubuta takarda da kwanan wata, ku haɗa da hoton ajujuwan, ku kai wa sakataren ilimi, a buga muku hatimi a kwafinku. Ku aika kwafi ga shugaban SUBEB da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, tunda 'yan majalisar ne ke amincewa da kasafin ilimi. Koke na baka ana mantawa da shi kafin la'asar.

TAMBAYA: Malam, ta yaya zan gane gwamnati ta san da zaman makarantar kuɗin da zan sa 'yata? Yayanta kuma yana son shiga wata cibiya da ta ce tana ba da digiri.
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Hajiya, jiha ke ba makarantun kuɗi lasisi, kuma Kano na da hukuma ta musamman mai kula da su. A Janairun 2022 ma gwamnatin jihar ta soke lasisinsu gaba ɗaya don a sake tantance su. Ki nemi ganin takardar amincewar da idonki. In sakandare ce, ki tambayi lambar cibiyarsu ta WAEC ko NECO. In suka ce a wata makaranta yaransu ke zana jarrabawa, ki ƙara bincike.

Shi kuwa yayan, NUC ke kula da jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma kwalejojin ilimi. Amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban, don haka ya duba duka biyun a shafin hukumar na intanet. Kuma duk digirin da ba ta hannun JAMB aka ba shi gurbinsa ba, zai sha wahala ranar neman tafiya hidimar ƙasa. Kada ki biya ko kwabo sai ya nuna miki takardar JAMB ɗin.