Mai Tsani, da dariyar faɗuwar babba

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ga saƙonki tun jiya da daddare amma idon nan nawa baya son rubutun waya in dare yayi, shi yasa na bari sai yanzu da na dawo daga kasuwar Kejetia nan Kumasi. Wato ranar sunan nan na Aboabo da Malam ya zame a ruwan wanke-wanke ya zauna daɓas da babbar rigarsa, ke kin yi dariya mamanki ta ɗauke ki da mari gaban mutane, amma Inna tsohuwa ta tuntsire harda tafi tana cewa buhun masara ya faɗo daga lori, ba wanda ya ce mata kanzil. Kuma wai ni ma kin sha kama ni ina kallon masu faɗuwa a waya ina ƙyaƙyatawa, to ina adalcin yake. Hmm. Marin kam ban goyi bayansa ba, zan yi ma ƙanwata magana, budurwa kamarki da ke karatu a jami'ar Tech ba a marinta a taro. Amma sauran zancen zauna ki sha labari.

Mu da muka taso zamanin mulkin Acheampong tibi ba kayan kowa bane. A 1965 aka buɗe talabijin a Ghana, tasha ɗaya tal ta GBC, baƙi da fari, mai kala sai 1985, kuma ba yini take ba, da yamma zata buɗe dare yayi a rufe. A layinmu gaba ɗaya gidan wani Alhaji mai fataucin goro ne kaɗai ke da ita, Sanyo, da ƙyallenta da ake lulluɓa mata kamar amarya. Zai sa a fito da ita baranda a ɗora kan tebur, manya a benci mu a ƙasa, kuma sai ka wanke ƙafa kafin ka shiga, babban ɗansa na bakin ƙofa yana dubawa kamar ɗan kwastan. Wasan kwaikwayon Osofo Dadzie shi kowa ya sani, in ɗan wasan nan Super OD ya fito har matan cikin gida leƙowa suke. Amma ni ba shi ne ya zauna mini a rai ba. Akwai wani ɗan guntun wasa na Turawa da suke sakawa na cike lokaci, ba magana ko ɗaya sai kiɗa, mu muka raɗa masa suna Mai Tsani, kuma da wannan sunan duk yaran Aboabo na lokacin suka san shi. Kar ki ce mini Mista Bin, duk wanda na ba labarin haka yake cewa, shi wancan sai 1990 ya fito, lokacin har na fara neman aure.

Wani siririn mutum ne mai sanƙo, kullum da tsani a kafaɗa da bokitin fenti, sai wani ƙaton ɗan sanda mai tumbi da gashin baki. In aka kira mai tsanin ta dama ya juya, gindin tsanin ya kwashe ɗan sandan ta hagu, ya juyo zai bada haƙuri ɗaya bakin ya sake maka shi ƙasa, ya tashi yana kakkaɓe hula ya zurma ƙafa cikin bokiti. Shi kenan fa, kullum abu ɗaya, amma wallahi har birgima muke muna riƙe ciki. Abin haushin daidai magariba ake sa shi, ana kiran salla Alhaji zai murɗa ya kashe ko da ɗan sandan na sama bai kai ƙasa ba, ni dai ban taɓa ganin ƙarshensa ba ko sau ɗaya. Wata rana malaminmu na allo ya biyo mu da dorina don mun makara, ya tsaya bayanmu shiru bamu sani ba, sai ji muka yi an fashe da dariya, muna waiwayawa ga Malam dafe da bango hularsa ta karkace. Washegari kuma ya zane mu tas, ko ɗaya bai rage ba.

To ga inda naki ya shigo. Ina ɗan shekara tara ko goma shaiɗan ya raya mini in haɗa nawa wasan a gida. Na saci ruwan kuɓewa a madafa na kwarara a bakin zaure, so nake wani abokina ya taka. Wa zai fito? Baffa, yayan mahaifinmu, riƙe da buta zai tafi alwalar la'asar. Ƙafa sama, buta can, takalmi ɗaya har cikin kwata. Na san laifi nayi amma dariyar ta ƙwace mini, irin naki sak. Sai da na ga ya kasa dafa ƙasa ya tashi, wuyan hannu ya goce, sannan cikina ya ɗuri ruwa. Baba bai dake ni ba, da ma dukan yayi da ya fi mini sauƙi. Cewa yayi tunda ni na karɓe hannun ni zan zama hannun, salla biyar ni ke zuba wa Baffa ruwan alwala, ni ke sa masa takalmi, har aka kwance ɗori. Da asuba ma haka, ga sanyin hunturu.

Kwana biyu da faɗuwar sai ga wata gyatuma daga Asawase, tun daga ƙofa take guɗa wai tazo ganin giwar da kuɓewa ta kayar, ta zauna tana kwaikwayon yadda ya wuntsila, Baffa na dariya yana ce mata ke da haƙoranki suka gudu suka barki. Na tambayi kakarmu abin da kika tambaye ni yau. Ta ce taubashiyarsa ce, ɗiyar mace da ɗan namiji, in ta tsokane shi yana da bakin ramawa, kai in ka yi masa dariya da me zai rama, ya tsaya cacar baki da ɗan cikinsa? Sai dai ya haɗiye. Inna da Malam haka suke, ki tambayi mamanki, uwar Inna da uban Malam ciki ɗaya suka fito, shekara sittin suna wannan abin, har kuɗin shara suke bin juna in watan cika-ciki ya kama.

Kuma ba a dangi kaɗai ba, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa, nan ƙasar ma ki duba Frafra da Dagarti ko Dagomba da Mosi, baƙo ya ji su sai ya ce yanzu za a zare wuƙa alhali kwano ɗaya za su ci. Ke ma kina da naki ai, kakanki ba mijinki kike ce masa ba, kina ce masa tsoho mai ran ƙarfe yana ce miki mummuna? Da shi ne ya zame, in kin tabbatar lafiyarsa ƙalau, ki yi dariyarki har ki gode Allah. Malam kuwa sa'an ubanki ne, naki a wajensa sannu ne da ɗauko masa takalmi, dariyar ki riƙe ta sai kin shiga ɗaki, duk haka muke yi kar ki ga furfura. Izgili kam ko tsakanin taubasai ba kyau, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana, shi yasa da Malam ya ji ciwo da Inna ce zata fara salati.

Na waya kuma da kike kama ni da shi, ɗan sandan Mai Tsani sana'arsa ce faɗuwa, biyansa ake, kamar yadda ɗan barkwancin nan Bob Okala ya riƙa ɗaura agogon bango a hannu a da a wasan Concert Party don a yi masa dariya. Amma gaskiya kin kama ni a rabi, waɗanda ake ɗauka ba da saninsu ba, tsohuwa ta faɗi a kasuwa a watsa ta duniya, wannan bai kamata in kalla ba kuma ina kallo, Allah ya shirye ni.

Ran Juma'a in an sauko ki biyo shago mu je gidan Malam tare, ki riƙo goro ko na sidi ashirin ne, ba sai kin tada zancen ba, gaisuwa kawai, zai gane. Sannan ku da kuka iya tono a YouTube ki duba mini mai sanƙon nan da tsaninsa, in kin samu ki turo, so nake in ga ko ɗan sandan nan yana kama shi a ƙarshe.