Amsoshin Manoma: Ganyen Masara Ya Yi Ɗorawa, Yunwar Taki Ce Ko Wani Abu?

Wani manomi daga Giwa ya rubuto cewa masararsa mai sati biyar ta koma ruwan ɗorawa. Ya zuba yuriya har sau biyu, ya ƙara da takin ruwa na feshi, shiru. A ƙarshen wasiƙar ne ya ambaci cewa gonar a kwari take, ruwa na kwana a tsakanin kunyoyi.

Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wannan kuskure duk damina sai an maimaita shi: ganye ya canza launi, sai a ruga shagon taki ba a duba komai ba. Ganyen nan da kake gani ƙananan ɗakuna ne jere da juna, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta, ba a ganinsu sai da madubin ɗakin bincike. A cikin kowane ɗaki akwai wasu korayen ƙwayoyi da dama masu suna kuloropilas. Su ne madafar shuka. Da hasken rana da ruwa da iskar kabon suke haɗa sukarin da zai zama kara da ƙwayar hatsi. Launin kore kuwa daga sinadarin kulorofil yake, wanda kowane gudansa ke da maganiziyam ɗaya a tsakiya, naitirojin huɗu kewaye da shi. Mafi yawan naitirojin ɗin ganye a cikin madafar nan yake.

Idan naitirojin ya yi ƙaranci, shuka takan rushe madafun tsofaffin ganye ta kwashe abin da ke ciki ta kai wa sababbi. Shi ya sa yunwar yuriya daga ganyen ƙasa take farawa, daga tsini ta biyo jijiyar tsakiya kamar bakin mashi, na sama suna nan da ɗan korensu. Wannan ita ce ɗorawar da yuriya ke magani. Idan kuwa ganyen sama ne suka fara kodewa, ka zargi ƙarancin salfa. Faffaɗan farin layi a gefe da gefen jijiyar tsakiya na sabon ganye alamar ƙarancin zinki ce. Siraran layuka masu tsinkewa a duk faɗin ganye cutar bairos ce da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, ko buhu goma ka zuba ba za ta warke ba. A duba gindi kuma, ko wuta-wuta ce ke tsotso ta ƙarƙashin ƙasa.

Taka matsalar, a saiwa take. Ƙwayoyin saiwa ba su da kuloropilas, sukari daga ganye ake aiko musu. Abin da suke da shi da yawa shi ne mitokondiriya, murhun da ke ƙona sukarin nan da iskar oksijin ya fitar da ƙarfi. Jan taki daga ƙasa aiki ne mai cin ƙarfi, ba shiga yake yi da kansa ba. Ruwa ya cika ramukan ƙasa kwana biyu ko uku, iska ta ƙare, murhu ya mutu, saiwa ta daina ja ko da taki na kwance a bakinta. Yuriyar da ka zuba kuwa, wata ta bi ruwa, wata ta tashi ta bi iska.

Tumɓuke guda ɗaya ka wanke saiwar. Mai lafiya fara ce, da ƙarfi. Wadda ruwa ya shaƙe takan yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, wani lokaci har da wari. Ka fasa ƙarshen kunyoyi ruwa ya samu hanya, ka jira har ƙasa ta daina manne wa fartanya, sannan ka tona ɗan rami zurfin santimita 5, nesa da gindi santimita 5 shi ma, ka auni yuriya murfin kwalbar lemo ɗaya ka zuba a ramin ka binne. Cikin kwana bakwai zuwa goma ka dubi sababbin ganye, ba waɗanda suka riga suka bushe ba. Takin feshi ba ya iya ɗaukar nauyin naitirojin da masara ke buƙata, amfaninsa ya fi a abin da ake so kaɗan irin zinki. Baɗi ka ɗaga kunya sosai, ko ka bar wa shinkafa wurin, domin ita tana da hanyoyin iska a jikinta daga ganye har saiwa.

Wata Hajiya mai lambun tumatir a Kadawa ta ce ta sa taki da yamma, washegari dashen ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

Hajiya, takin ya yi yawa kuma ya taɓa gindi. A tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai jakar ruwa wadda kan cika kusan dukan ɗakin, ita ke tokare bango ganye ya miƙe. Taki gishiri ne, ruwa kuma wajen da gishiri ya fi yawa yake bi. Sai ya fito daga jakar ya koma ƙasa, shuka ta langaɓe. Ki yi ban ruwa mai yawa yau ya wanke wurin, muddin ruwan yana da mafita. Nan gaba ki bari dashe ya kama, kamar sati biyu, ki kuma nisanta taki da kara.

Wani daga Funtuwa yana tambaya ko ya haɗa farakwat da gilaifoset a tanki ɗaya don su kashe tofa da kiri-kiri da sauri.

Kada ka haɗa, asarar kuɗi ce. Farakwat a cikin kuloropilas yake ɓarna, da taimakon rana, ya ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Gilaifoset kuwa yana buƙatar ganye mai rai ya ɗauke shi ya kai har saiwa, abin da kan ci sati ɗaya zuwa biyu. Ka ƙone ganyen ka toshe masa hanya, tofa ta sake tohowa daga ƙasa. Ka fesa gilaifoset shi kaɗai a kan ciyawa kore shar, kafin shuka, ranar da ba hadari. Shi farakwat guba ce da ba ta da makari, ƙaramin kurɓi yana kashe mutum, kuma har yanzu ana samun masu ɗura shi a robar lemo su ajiye a ɗaki.

Mai tambaya ko ya zage ganyen masara ya ba awaki tunda ta yi goyo: ganyen da ke daidai goyon da na samansa su ke cika ƙwaya, a bar su har gemu ya bushe ƙwaya ta yi tauri, na can ƙasa da suka fara bushewa kaɗai za a ɗiba.